Shaidar Kawa a Kan Alhaji Ilu

Jiya da yamma a teburin mai shayi na ji ɗayanku yana cewa shi da zai samu irin aikin da Baba Kawa ya yi, da ya gama da wahalar duniya: a shiga kwalekwale a sha iska, a tsinto 'yan ɓawo a bakin ruwa, a koma ofis a zauna cikin sanyi har wata ya ƙare. Sauran kuka yi dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da burodi. Yau na ƙoshi, sai ku matso.

Sunana Sabitu, amma a nan Agege in ka ce Sabitu sai an tambaye ka wanne. In ka ce Baba Kawa, ko ɗan okadan da ya zo jiya zai sauke ka a ƙofar gidana. Ga waɗanda ba su daɗe da sauka daga Arewa ba, kawa wata halitta ce ta ruwan gishiri mai ɓawo biyu, kamar an kifa cokali a kan cokali. Tana manne a jikin saiwar itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Ba ido, ba ƙafa, ba ta zuwa ko'ina. Da ita na yi aiki tun ina saurayi har na yi furfura.

Mahaifina mahauci ne a kwata, kuma a nan aka haife ni. Da na gama sakandare na yi kwas na aikin ɗakin gwaji, sai aka ɗauke ni a wata cibiyar binciken ruwa da ke can tsallaken gada, a ƙarƙashin wata mata da ake kira Dakta Abike. Da Baba ya ji an ce aikin na buɗe wani abu ne mai ɓawo a ciro nama, sai ransa ya yi fari, ya ce ashe dai ban bar sana'ar gida ba. Ya zaɓo wuƙarsa da ya fi ji da ita, ya wasa ta da hannunsa, ya naɗe mini a tsohuwar jarida.

Ranar farko ina shiga Dakta ta dubi hammatata ta ce, "Mista Sabitu, me ke cikin jaridar nan?"

Na kwance na nuna mata, ina jiran yabo. Ta ja baya kaɗan.

"Wuƙa ce mai kyau. Kai ta waje ka ba maigadi ajiya. Mu ƙarfe muke nema a cikin naman nan, ɗan abin da ido ba ya gani. In ka yanka da wuƙar babanka, wuƙar babanka za mu auna."

Ta miƙo mini wata farar wuƙar roba irin wadda ake yanka kek da ita a bikin yara. Da na koma gida Baba ya juya ta gaba da baya, ya gwada a kan farcensa, ya ce in yi masa alƙawarin ba zan taɓa bi ta kwata da ita ba.

To ku ji kayan aikin da kuke ganin na hutu ne. Agogo, zobe, mukulli, duk a waje ake barin su. Wuƙa ta roba, cokali na roba, kwalabe na roba, turmin daka na farin dutse ɗan ƙarami kamar na kwalli. Watannin farko ban taɓa kawa ko ɗaya ba, wanke-wanke kawai nake yi. A jiƙa kwalba cikin asid, a ɗauraye da ruwan da aka tace har ya fi wanda nake sha tsabta, a sake ɗaurayewa, a shanya a rufe. Uwata da ta ji ta ce da ta san wanke-wanke za a biya ni in yi, da tun ina ƙarami ta horar da ni kyauta.

Kuma a kowane aiki akwai kwalba ɗaya da ba a zuba mata komai. Duk inda aka kai sauran, da ita za a je. Duk abin da aka yi musu, za a yi mata. A ƙarshe a auna ta. In aka ga ƙarfe a cikinta, ba ruwan Legas ba ne, hannunka ne, kuma aikin ranar duka ya tashi a banza. Na yi shekaru ina tsoron kwalbar da ba kowa a cikinta fiye da yadda nake tsoron Dakta.

Za ku ce me ya sa ba za a ɗebi ruwan kawai a auna ba. Ana yi, amma ruwa mai wucewa ne. Wanda ka ɗiba da safe ba shi ne na yamma ba, kuma mai zubar da dagwalo ba ya zubarwa a ranar da ya ga kwalekwalenku. Ita kuwa kawa tana nan zaune, aikinta shan ruwa da furzarwa, kuma duk ƙarfen da ya bi ta cikinta sai ta riƙe wani abu a namanta da ɓawonta. In ka busar da naman ka daka ka narka a asid, injin zai gaya maka yawan dalma da tutiya da tagullar da ta tara.

Wannan mai sauƙin ke nan. Mai wuyar shi ne sanin ta waye. Dalma, wadda kuka sani a batirin mota, ba duk ƙwayoyinta ke da nauyi ɗaya ba. Akwai masu ɗan nauyi, akwai waɗanda ba su kai su ba. Su ake kira aisotof. Yadda suka cakuɗu ya danganta da ramin da aka haƙo dalmar, kuma ko an narka ta, ko an zuba ta a fenti, ko kawa ta haɗiye ta, cakuɗin ba ya canzawa. Dakta ta yi mini wannan bayani har ta gaji, ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Sai wata rana a kasuwar Mile 12 ina tsaye bayan wasu masu albasa, ban ga fuskarsu ba, amma daga buɗe baki na san wannan Bakano ne, wancan Basakkwace, na ukun kuma daga Damagaram ya tsallako. Washegari na ce mata, "Ma, wato dalma ma tana da karin harshe?" Ta ce ba haka za ta rubuta ba, amma haka ne. Injin da ke jin wannan karin harshen ba mu da shi. Namu yawa kawai yake faɗa. Garin kawa da muka daka ƙasar waje muke aika shi, mu zauna jira.

Fita ruwa kuwa, wanda kuke kira shan iska, da wani dattijo ɗan ƙabilar Egun nake yi, Baba Dosu, mai kwalekwale. Bai taɓa kiran sunana ba, Mala yake ce mini. Ranar da na fara sauka cikin taɓon bakin ruwa ƙafa ta nutse har cinya. Na yunƙura in zare ɗaya, ɗayar ta ƙara shigewa. Baba Dosu ya kunna tabarsa ya ce, "Mala, taɓon nan ba ya son mai tsayuwa yana tunani. Ka kwanta masa kaɗan, ka ja jiki." Ga ɓawon kawa mai kaifi kamar reza, ga ƙananan ƙwari masu cizo ta cikin riga, ga ruwa da ke dawowa a lokacinsa ko ka gama ko ba ka gama ba. In na dawo gida Hajara matata ba ta barina in shiga ɗaki sai ta miƙo mini bokiti ta taga.

Aikin da ba zan manta ba shi ne na wani rafi da ke zubowa cikin babban ruwan Legas, ba zan faɗi sunansa ba. A bakinsa akwai ƙauyen masunta da gidajensu a kan turaku. Matan ƙauyen kawa suke ɓamɓara su dafa su sayar, su kuma ciyar da gida, shugabarsu wata mata ce mai ƙarfin murya, Iya Bose. Wata ma'aikaciyar jinya ta lura yaran wurin suna yawan ciwon ciki da kasala, magana ta bi ta bi har ta iso teburin Dakta. Mun auna kawar wurin, dalma ta yi yawa ƙwarai. Saura a san daga ina.

A saman rafin, a gaɓa ɗaya akwai wani kamfanin fenti. A ɗaya gaɓar akwai filin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, kuma filin na Alhaji Ilu ne. Alhaji Ilu Basakkwace ne, layinmu ɗaya a Agege, aminin Baba, kuma shi ya karɓar mini auren Hajara. Ban damu ba ko kaɗan, don kowa ya san mai laifi. Magudanar kamfanin yau kore take fitarwa, gobe ja, jibi ruwan ƙwai. Ko yaro ya gani ya yanke hukunci.

Dakta ta ce ba ma aiki da launi. Ta ce mu ɗebo kawa daga wani ruwa mai tsabta can wajen Badagiri, masu girma ɗaya, mu zuba a jakunkunan raga mu rataye su jikin gora a wurare daban-daban: sama da kamfani, ƙasa da shi, ƙasa da filin Alhaji, da gaban ƙauye. Mu bar su wasu watanni su sha ruwan wurin, sannan mu kwaso. Haka muka yi. Da muka koma dubawa, gora na nan, igiya na nan, kawa babu. A wuri ɗaya ma wanda ya kwashe mutumin kirki ne, don ya wanke ragar ya shanya mana a kan reshe.

Muka sake komawa Badagiri, muka sake ratayawa. Wannan karon Dakta ta sa aka rubuta allo da Yarabanci da Turanci cewa kawar gwaji ce, kada a ci. Allon ya taimaka wa waɗanda da ba su san inda take ba. Ko mako ba a rufa ba aka share ta.

Baba Dosu ya ce a bar masa. Ranar ratayawa ta uku sai ga shi da jan ƙyalle, da ƙananan ƙoƙuna, da gashin baƙar kaza. Na ce, "Baba, ni Musulmi ne, ba zan ɗaura wannan ba."

Ya ce, "Mala, ni ma coci nake zuwa. Kai riƙe gora kawai."

Dakta ta ɗauki ƙoƙo ɗaya ta duba ciki da waje. Tambaya ɗaya ta yi, ko akwai ƙusa a jiki. Ya ce babu. Ta ce a ɗaura. Daga ranar nan ba wanda ya sake taɓa mana kawa. Kwalekwale in ya zo kusa sai ka ga ya yi kwana kamar direban bas ɗin haya, danfo, ya hango jami'in hanya. A gora ɗaya har dafaffen ƙwai muka tarar an ajiye, Baba Dosu ya ɓare ya cinye.

Amma karin harshen dalmar da ke cikin kawa ba shi da amfani sai ka san na waɗanda ake zargi. Dole a samo ƙasa daga kowane wuri a kwatanta. Ta kamfani mun ɗiba a magudanarsu ta bayan katanga. Ta gefen titi mun ɗiba, saboda tsohuwar dalmar da a da ake zubawa a fetur tana nan kwance. Ta filin Alhaji kuwa Dakta ta ce, "Mutumin ku ne, kai za ka je."

Na je da safar hannu da cokalin roba da 'yan ledoji. Wannan ne karon farko da na shiga can ƙuryar filin. Samari na fasa tsofaffin batura da gatari, su tuntsurar da ruwan a ƙasa, su zare farantan dalma su zuba a wata ƙatuwar tukunya a kan wuta, su zuba narkakken a ramuka ya daskare. Ƙasar wurin ta yi fari-fari, kuma gangarenta rafi ya nufa. Babban ɗan Alhaji, Bashir, shi ke kan tukunya. Na ga wannan duka, amma har lokacin raina yana kan magudana mai launi.

Na durƙusa na gaida Alhaji, muka taɓa hira, sannan na ce, "Alhaji, wata 'yar alfarma nake nema. Ƙasar wurin nan nake so in ɗan ɗiba. Cokali ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a wurin tukunya, da ɗan gutsuren dalma."

Ya ajiye carbinsa a hankali. "Ƙasar ƙohwar wurin sana'ata?"

"E, Alhaji. Kaɗan kawai."

"Wane malami ya aiko ka?"

"Ba malami ba ne. Oga ta ce, Dakta."

"Mace?"

"E."

Ya ce, "Sabitu, yarana sun ce sun gane ka bakin rahi kana ɗaura jan ƙyalle da gashin kaza. Na ce ƙarya su kai, na san gidan da ka hito. Yanzu ga ka da cokali. Mi na yi ma?"

Kafin in iso Agege magana ta riga ni. Baba ya kira ni, ya kira Alhaji, aka kira liman. A zauren gidanmu, ni a ƙasa su a kan tabarma, na yi bayanin aisotof tun daga farko, har da masu albasar Mile 12. Liman ya saurara da kyau. Ya tambaya ko za a binne ƙasar a wani wuri, na ce a'a, narka ta za a yi a asid. Ya tambaya ko za a ambaci sunan Alhaji a kanta, na ce lamba kawai ake rubutawa. Ya yanke cewa a ɗiba, amma da rana tsaka, Alhaji ya ɗiba da hannunsa, shi kuma zai tsaya ya yi addu'a. Haka aka yi. A duk shekarun da na yi ina aiki, wannan ce kaɗai ƙasar gwaji da aka tofa wa addu'a. Alhaji ya ƙulle ledar ya miƙo mini ya ce, "Kai musu su auna. Kamhwani na, kowa ya sani."

Shekarar ita ce muguwar shekararmu. Mun kwaso kawa lafiya, mun jera a firiza, sai damina ta sauka da ƙarfi, taransifomar unguwar ofis ta ƙone, janareto kuma ya zaɓi makon ya mutu. Firiza ta fara zufa. Dakta ta tsaya a gabanta ta ce in waɗannan suka ruɓe, aikin shekara ya tafi, kuma yaran ƙauyen za su ƙara wata shekarar suna ci. Na tuna yayana Mudi yana da ɗakin sanyi a kwata, mai janareto da ba ya kwana. Motar ofis tana gareji. Na loda komai a kula biyu, na zuba sauran ƙanƙarar da ta rage, na fita neman danfo.

Har Obalende lafiya. Daga nan muka faɗa cunkoso, rana ta fito bayan ruwa, ƙanƙara ta zama ruwa. Kula ɗaya murfinta bai kama sosai ba. Na ga mutumin gefena ya fara duba ƙasan takalminsa. Na bayana ya buɗe taga. Kondasta ya leƙo ya ce, "Mala, faɗi gaskiya, mutum ne a ciki?"

Na ce kayan gwaji ne na gwamnati.

Wata mata da ke riƙe da kwandon busasshen kifi a cinya, ita da tun Obalende muke haƙuri da ita, ita ce ta fara cewa a sauke ni. A Oshodi aka sauke ni. Na tare okada biyu, ɗaya ya ɗauki kula, ɗaya ya ɗauke ni da ɗaya kular a cinya, ruwanta na bin wandona har Agege. Yaya Mudi ya toshe hanci ya tura su can ƙurya tsakanin cinyoyin shanu, ya ce wa ma'aikatansa duk wanda ya buɗe, gwamnati za ta sani. Rabin kula ɗaya ya lalace. Sauran sun tsira, kuma cikin ikon Allah kowane wuri ya samu wakili.

Da wuta ta dawo muka busar, muka daka, muka ƙulle, muka aika. Jira ya yi tsawo. Ranar da amsa ta zo Dakta ta kira ni ta juyo mini da kwamfuta. Ɗige-ɗige ne a kan allo. Ta nuna ɗigon kamfani a can gefe, na titi a wani gefen, na Alhaji a ƙasa. Sannan ta nuna na kawar ƙauye, sun taru kusa da na Alhaji kamar 'ya'yan kaza. Ta ce kamfani yana da nasa laifin a kan wasu ƙarafan, kuma za a bi shi, amma dalmar yawancinta daga filin batura take. Ta ce in ina so za ta tura wani ya gaya masa. Na ce a'a, ni zan je.

Bayan la'asar na same shi a zaurensa. Na faɗa masa yadda abin yake, ban rage ba.

Ya ce, "Wa ya ce?"

"Kawa, Alhaji. Da injin."

"Kawa." Ya gyara zama. "A shari'a shaidu biyu a ka so, adilai, baligai, masu hankali. Wagga aba ta balaga? Tana da hankali? Ta taɓa ganina?"

Na ce ganinsa dai ba ta yi ba, amma ta sha ruwansa.

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. A masallaci in na tsaya a dama sai ya koma hagu. Baba ma ya yi kwanaki yana yi mini magana ta bakin Hajara.

Hukuma ta so ta zo da katafila ta share filin. Dakta ta roƙa a fara auna jinin masu aikin tukuna, don a ganinta su ne suka fi kowa shan abin. Alhaji ya yarda, don ya tabbata za a ga ba komai, har ya miƙa nasa hannun farko. Bashir ya daɗe yana fama da murɗar ciki da mutuwar jiki. An yi maganin shawara, an yi na basir, an yi rubutu an sha, har an fara zargin wani abokin gaba. Da sakamako ya fito, jininsa ya fi na kowa dalma. Na Alhaji ma bai tsira ba.

Da safe ina shirin fita na ji sallama. Alhaji ne tsaye a ƙofar gidana, shi da bai taɓa zuwa ba sai dai ya aiko. Bai zauna ba. Ya ce, "Sabitu, wanga abu yana hita daga jiki?"

Na ce likita zai fi ni sani, amma yana raguwa in aka yi magani aka daina ƙarawa.

"Yaran ƙauyen hwa?"

Na ce su ma haka, sai dai ga ƙaramin yaro wani abin ba ya dawowa.

Sannan ya ce in gaya wa oga ta tana iya zuwa.

A makon aka kashe wutar tukunya. Alhaji ya koma sayar da batura a rufe ga masu masana'antar da aka yi don haka, ribar ta ragu ƙwarai. Aka kankare ƙasar filin aka kwashe, aka zuba siminti. Wasu daga cikin samarin suka ɗauki gatarinsu suka koma wani wuri da ba mu rataye kawa ba, wannan ban iya hana shi ba. Bashir ya yi jinya ya samu sauƙi, yanzu tayoyi yake sayarwa a Mushin. Matan ƙauye kuwa aka hana su ɗibar kawa a rafin, sai sun yi tuƙi mai nisa. Duk zuwan da na yi Iya Bose tana jirana a kan turakunta, ta zage ni da Yarabanci tun daga hula har takalmi, ta zagi jan ƙyallena, sannan ta tambaya, "Bana fa?" In ce da saura.

Kowace shekara muna ratayawa muna kwasowa. Dalma ba ta gaggawar tafiya, don tana kwance cikin taɓo. Amma tana sauka kaɗan-kaɗan, kuma Alhaji ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: duk bayan Juma'a sai ya tare ni ya ce, "Mi kawa ta ce?" In ce ba ta yi magana ba tukuna.

Ana haka har shekarar da Dakta, ita ma lokacin ta fara furfura, ta ce awo biyu a jere sun yi kyau, in na uku ya bi sahu za a iya buɗe wa mata rafin. Da na gaya wa Alhaji sai ya ce shi ma zai bi mu kwaso na ukun, yana so ya ga mai shaidar nan ido da ido. Na ce ba ta da ido. Ya ce shi yana da.

Ya zo cikin farar babbar riga da takalmin fata. Baba Dosu ya dube shi, ya dube ni. Da muka isa gorar da ke gaban ƙauye ruwa ya janye, kwalekwale ba ya ƙarasawa. Na ce Alhaji ya jira in kawo masa. Kafin in rufe baki ya zura ƙafa. Taku na farko ya shige har gwiwa, na biyu har ƙugu, babbar riga ta baje a kan taɓo kamar an shimfiɗa tabarma. Na ja hannu ɗaya, Baba Dosu ya ja ɗaya, Alhaji na salati, taɓo ya ƙi saki.

Iya Bose na kallo daga turakunta. Ta san ko waye, duk ƙauyen sun sani. Ta sauko da wasu mata biyu, suka jefa wani faffaɗan katako, ta rarrafo a kai, ta cafki wuyan babbar riga ta baya, ta ba da umarni. Muka ja gaba ɗaya. Alhaji ya fito da wata irin ƙara, ba takalmi, ba hula.

Yana zaune a kan katako yana haki, ya ce mata ya gode, Allah ya saka. Ita kuma ta goge hannu a zaninta ta ce da Yarabanci ba don shi ta yi ba. Ta ce ta ji an ce shi ma jikinsa cike yake da dalma, in aka bar shi a nan zai sake ɓata musu kawa.

Matan suka kwashe da dariya. Alhaji ya juyo ya ce, "Sabitu, mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce sannu, Allah ya kiyaye gaba."

Ya sharce taɓo daga gemunsa. Ya ce, "Tun ba a haihe ka ba ni ke Legas, na jiya sarai. Gaya mata ta yi gaskiya. Ku ɗauke ni daga nan maza."